Katunan Labaran da Bijimin Watanda

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Labaran Mai Katuna. Akawu ne a wani kamfanin fenti, albashinsa na rufin asiri, ba yabo ba fallasa. Amma in ya buɗe baki a majalisa, wallahi sai ka rantse shi ke ba gwamnati rance.

Katunan da ake masa laƙabi da su ba irin nawa da naka ba ne, wanda za ka zuba kuɗinka ka dawo ka cire kuɗinka. Na bashi ne. Banki zai yanka maka iyakar abin da za ka ci, ka je ka yi ta sayayya, ƙarshen wata ka biya. Kowace sayayya a rubuta maka maki, in makin ya taru a ba ka tukuici. In kuwa ka makara, tara ta hau kanka, kuɗin ruwa ya biyo baya, ga kuɗin shekara da ba ya jiran kowa. To Labaran rabin farko na wannan bayani ya ji. Lokacin da ake yin rabi na biyu yana duba fuskarsa a jikin katin.

Guda tara gare shi. In hira ta yi hira a bakin shagon Gambo Tela, inda majalisar take zama, sai ya zaro su ya baza a hannu kamar mai rabon karta. Ja, kore, ruwan gwal, da wasu baƙaƙe guda biyu masu sheƙi.

"Kun ga wannan? Na mai ne. Duk litar da na sha sai sun dawo min da wani abu. Wannan na kanti. Wannan na magani. Ku kuna sayayya kuɗinku na raguwa, ni ina sayayya ana biyana."

Gambo ya cire allura daga baki. "To su bankin me suke ci? Gidan sadaka suka buɗe?"

"Irinku suke ci, marasa lissafi. Ni kuwa ni nake cin su."

"Kuɗin ruwa fa?"

"A'uzu billahi! Ko sisi bai taɓa shiga tsakanina da su ba. Kafin ranar biya ta zo na riga na shafe komai."

"Kati tara, kowane da ranarsa, kowane da cajinsa. Wa ke riƙe maka lissafin?"

Nan fa aka zo wurin. Labaran ya miƙe tsaye ya bubbuga jikinsa. Shi ba ya rubutu, in ji shi, rubutu na masu ƙaramin kai ne. Aljihu ne ofishinsa. Katin da ke da sauran numfashi, aljihun dama. Wanda ranar biyansa ta matso, aljihun hagu. In ya biya sai ya yi masa ƙaura zuwa dama. Aljihun ƙirji kuwa na babban baƙo ne, baƙin katin nan mai tara makin jirgi, wanda ya ce saura ƙiris ya cika a ba shi tikitin Dubai kyauta.

"Ni ba na duba kati," in ji shi. "Hannuna ke gani. Ko ido a rufe, in na zura hannu na san wanda na kamo."

Abin da bai faɗa a majalisa ba shi ne, aljihun hagun nan ya fi na dama nauyi tun tuni. In ranar jan kati ta zo, sai ya je wurin mai POS ya ciro daga kore ya zuba a ja. In ta kore ta zo, ya ciro daga ruwan gwal. Kowane zagaye mai POS ya ci nasa, banki ya ci nasa, ramin yana ƙara zurfi, Labaran yana ƙirga maki yana murmushi. Akwai ma ɗaya baƙin katin, ɗan'uwan na jirgi a kama, na wani banki daban, wanda ya cinye shi tas ya daina biya tun shekarar da ta wuce waccan. In suka kira ya san yadda yake yi da su. Mai hankali sai ya jefa wannan kati a masai ya huta. Shi kuwa yana ajiye da shi a aljihun wando, don in ya baza a ce tara, kada a ce takwas.

Sai azumi ya kama.

Kowace shekara 'yan layin nan suna yin watanda. A yi karo-karo tun farkon azumi, ranar jajibiri a je kara a sayo sa, a yanka, a raba kashi-kashi, kowane gida ya samu na tuwon Sallah. Uban tafiyar shi ne Malam Tanimu, tsohon mahauci, mutum mai ƙaramar magana da manyan hannuwa. A wurinsa ake tara kuɗin, shi ke taya sa, shi ke fiɗa, kuma ba a taɓa jin wani ya ce an rage masa ko tsoka ɗaya ba. Gida ashirin da huɗu ne a ciki. Har da Gwaggo Tabawa mai ƙosai, wadda take kawo nata da tsofaffin ɗari bibbiyu masu warin mai, don jikokinta su ci nama ranar Sallah kamar 'ya'yan kowa.

Labaran ya ji adadin abin da aka tara, sai barci ya ƙaurace masa. Ya lissafa ya sake lissafawa. In kuɗin sa guda ya bi ta cikin katin jirgi, makinsa ya cika har da ɗoriya. Dubai ke nan.

Ya sami Malam Tanimu yana wasa wuƙa a ƙofar gida.

"Baba Tanimu, yanzu fisabilillahi a wannan zamani za ku ɗauki kuɗi a leda ku shiga kara? Ranar jajibiri? Ɓarayin garin nan ranar suke ɗaukar albashi."

"Shekara nawa ina ɗauka."

"Allah ne ya tsare. Ga dabara. Ku ba ni kuɗin in zuba a katina. Mu je hannu rabbana. An gama ciniki in miƙa kati, ƙit, an biya. Kuɗinku ne ya shiga, kuɗinku ne ya fita. Sai dai banki zai dawo da tukuici, da shi za a biya mota, a biya masu kama ƙafa, a sayi leda. Kowa ya huta da ƙarin kuɗin hidima."

Malam Tanimu ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa. "Ni ban san wannan harkar ba."

"Shi ya sa Allah ya ba ku ni."

Da aka kai maganar majalisa, Gambo ya ce shi bai yarda ba, kuɗin mutane ba abin gwaji ba ne. Amma ka san mutanenmu da jin kalmar kyauta. Wannan ya ce ai Labaran ɗan boko ne. Wancan ya ce bara dubu bibbiyu aka ƙara musu na hidima, in za a huta da ita me ya fi. Aka rinjayi Gambo. Malam Tanimu ya ce to, amma kuɗi ba za su bar hannunsa ba sai safiyar jajibiri, kuma a gaban idonsa za a zuba. Labaran ya ce ai haka ma ya fi. Nasa kason kuwa bai kawo ba. Ya ce yana cikin kati.

Ana nan sai ga jajibiri. Da sassafe Labaran ya dira shagon Gambo karɓar ɗinkin Sallah. Farar shadda ce, ya ce a yi masa irin na manya, aiki tun daga wuya har cibiya. Gambo ya kwana uku bai miƙe baya ba, idanunsa jajir, ya miƙo masa a leda.

"Yau zan sa," in ji Labaran.

"Kayan Sallar? Kara fa za mu, cikin kashin shanu."

"Mai biyan kuɗin sa ba ya shiga kara da tsumma."

Ya koma gida ya zura. Ya tsaya gaban madubi ya juya dama ya juya hagu. Sai ya fara ƙaurar katuna daga tsohuwar riga. Na dama suka tafi dama. Na hagu suka tafi hagu. Ya ɗauko babban baƙo zai sa a ƙirji, hannunsa ya zame a kan zare. Ya sake lalubawa. Babu aljihu. Aikin da ya ce a yi masa har cibiya ya cinye wurin.

Sai ya ce ai ba komai. Ya tura shi aljihun wando, inda mataccen katin nan yake kwance. Na gaba na jirgi, na baya mushe. Wannan ma har wani abin mantawa ne? Ya cusa makullin mota a kansu, ya ƙara da hankici, ya fita yana ƙamshi.

A bakin titi, wurin mai POS, 'yan watanda biyar ne suka taru, har da Gambo. Malam Tanimu ya kwance ledar daga ƙugunsa kamar mai cire haƙori. Mai POS ya ƙirga. Labaran kuwa ya samu 'yan kallo, ya juya wa mai POS baya yana ba su labarin Dubai, yadda ake sanya wa titi na'urar sanyi, yadda 'yan sanda ke yawo a motar da ko gwamna bai hau ba. Ya zaro makulli, ya zaro hankici ya goge goshi, ya mayar, ya sake zura hannu ya kamo kati ya miƙa ta bayan kafaɗa, ko waiwaye babu.

"Zuba a lambar da ke baya. Duka."

Mai POS ya danna. "Labaran Sa'idu?"

"Akwai wani Labaran ɗin bayan ni?"

Ƙirrr, takarda ta fito. Waya ta yi ƙara a aljihu. Ya leƙa da wutsiyar ido, ya ga saƙo ya fara da godiya, bai karanta sauran ba. Ya ɗaga wayar sama.

"Kun gani? Har sun gode min."

Aka ɗuru a tsohuwar motarsa sai kara.

Wanda bai taɓa shiga kara ranar jajibiri ba bai san cunkoso ba. Rana ta take, ga azumi a baki, ga kukan shanu, ga dillalai kowa na jan hannun rigarka. Malam Tanimu ya wuce kai tsaye wurin dillalin da ya saba da shi, Alhaji Ɗan'azumi, wani dogo mai sanda da rawani a kafaɗa. Ya zagaya, ya taɓa wannan, ya matsa cinyar wancan, ya tsaya a kan wani jan sa madaidaici.

Labaran ya taɓe baki. "Wannan ai ɗan maraƙi ne. Wancan fa?"

Wancan ɗin wani farin bijimi ne mai tozo kamar tulu, yana tsaye shi kaɗai yana huci.

"Ya fi ƙarfin kuɗinmu," in ji Malam Tanimu.

"Ya fi ƙarfin kuɗinku. Ni zan cika."

Ka ga, shi lissafinsa daban. Duk yadda kuɗin sa ya yi yawa, haka makinsa zai yi yawa. Aka fara ciniki. Ɗan'azumi ya faɗi kuɗi, Malam Tanimu ya yi salati ya taya ƙasa. Ɗan'azumi ya ce albarka. Malam Tanimu ya juya kamar zai tafi, irin tafiyar da kowa ya san ba tafiya ba ce. Sai Labaran ya riƙo shi.

"Haba Baba, kada mu zubar da girma a kan canji. Alhaji, yadda ka faɗa ɗin, mun saya."

Ɗan'azumi ya dube shi sama da ƙasa. Shekara talatin yana dillanci, bai taɓa ganin mai saye ya taya wa mai sayarwa ba. Ya yi maza ya kama hannunsa. "Na sallama! Allah ya sa albarka, ranka ya daɗe."

Ranka ya daɗen nan ta shiga Labaran har ƙashi. Aka sa wa bijimi igiya. Aka kira a-kori-kura ta ja baya ta tsaya. Ɗan'azumi ya aika aka zo da na'urar POS. Mutane suka fara taruwa, don an ce ga wani Alhaji zai sayi bijimi da kati ɗaya.

Labaran ya gyara hula. Ya zura hannu a wando, ya kamo baƙin kati, ya miƙa da yatsa biyu. Ya danna lambobinsa yana kallon sama.

Tiit. Na'ura ta tofo 'yar guntuwar takarda.

"Bai shiga ba," in ji mai na'urar.

"Sabis ne. Ɗaga ta sama."

Aka ɗaga. Tiit.

"Injinka ne. Kawo wani."

Aka kawo wani. Tiit.

Wani ɗan gumi ya tsatso masa a bayan kunne. Ya yi dariya, dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Ya sake zura hannu ya kamo ɗaya baƙin. Tiit. Ya koma aljihun dama. Kore, tiit. Ruwan gwal, tiit. Ya tsallaka hagu, inda shi kansa ya san ba kowa a gida. Ja, tiit. Na mai, na kanti, na magani, kowane ya shiga ya fito da 'yar takardarsa. Takardu suka taru a ƙasa, wata akuya ta zo ta fara ci.

Malam Tanimu ya matso kusa, har Labaran yana jin numfashinsa.

"Labaran. Ina kuɗin mutane?"

"Suna ciki, Baba! Wallahi suna ciki. A gabanka aka zuba. Irin wannan babban ciniki sai manaja ya sa hannu. Yanzu za ka ga sun kira suna ba da haƙuri."

Kamar ya yi da baki, sai wayar ta ɗauki ƙara. Baƙuwar lamba. Labaran ya ji wani sanyi ya sauko masa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da kara gaba ɗaya.

"Ga su nan! Ku yi shiru. Bari in sa a lasifika ku ji yadda banki ke magana da manyan abokan hulɗa."

Ya danna. Muryar wata mata ta fito, tattausa, da Hausa tsantsa.

"Salamu alaikum. Da Malam Labaran Sa'idu nake magana?"

"Shi ne da kansa. Ina jin ki. Kun ba ni kunya a gaban jama'a."

"Alhamdu lillahi! Malam Labaran, ashe kana raye?"

Har bijimin ya daina huci.

"Daga sashen karɓar bashi nake kira. Bara da muka kira, wani ya ɗauka ya ce shi ƙaninka ne, ya ce Allah ya yi maka rasuwa. Har ta'aziyya muka yi masa. Kafin nan kuma an ce mana ba ka jin Turanci, shi ya sa aka ba ni aikinka."

Gambo ya ce, "Labaran ai ba shi da ƙani."

Labaran ya kai yatsa zai kashe. Malam Tanimu ya riƙe masa wuyan hannu da hannun da yake kayar da shanu. "Bar ta ta gama."

"Na kira ne in yi godiya," in ji matar. "Kuɗin da ka zuba da safen nan sun shigo. Mun cire kuɗin shekara na shekara biyu, mun cire tarar makara, mun cire kuɗin ruwa, sauran ya tafi cikin uwar bashin."

"Kuɗin me?" in ji Gambo, yana kara kunne. "Hajiya, maimaita na ukun."

"Kuɗin ruwa."

"A'uzu billahi," in ji Gambo, da irin muryar Labaran sak.

Labaran ya haɗiye yawu, ya tuna yana azumi, ya rasa ma ko ya karye. "Hajiya, saurara. Kuskure aka yi. Ba a wannan katin za a zuba ba, a na jirgi ne. Ba kuɗina ba ne, na watanda ne. Ku dawo da su yanzu, yanzun nan."

"Ayya. Ai abin da ya shiga bashi ba ya fitowa. Saura ma dubu tamanin da 'yan kai ka gama da mu. Yaushe za mu sa rai?"

"To makina fa? Makin da na tara a wurinku? Ku juya shi kuɗi!"

"Maki yana ƙonewa in an yi wata uku ba a biya ba. Amma tunda ka dawo, akwai sabon kati da muka fito da shi, in kana sha'awa..."

Malam Tanimu ya kashe wayar da kansa.

Abin da ya biyo baya, ba don azumi ba, da sai dai a kwashe Labaran a buhu. Wani ya cire takalmi. Wani ya ce a ba shi sandar Ɗan'azumi aro. Gambo yana ta faɗin ai ya faɗa, ai ya faɗa, ba mai sauraronsa. Malam Tanimu kuwa ya runtse ido yana maimaita wa kansa cewa shi mai azumi ne, shi mai azumi ne, jijiyar wuyansa tana rawa. Da ya buɗe ido, muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Gida ashirin da huɗu sun jiƙa shinkafa. Tabawa tun jiya ta aiko a tambaye ni ko za a sa mata ɗan kitse. Ni zan koma in ce mata me? In ce ƙosanta na wata guda ya tafi kuɗin ruwan Labaran?"

Wannan magana ta fi mari. Labaran ya ji kunya ta rufe shi har yana neman inda zai sa ido. Amma ka san mai hali. Ya buɗe baki ya ce, "Baba, in aka ba ni zuwa bayan Sallah, akwai wani banki da suke ba da kati na musamman..."

Ɗan'azumi ya buga sanda a ƙasa. Ya riga ya fara kwance igiyar bijimi, sai ya tsaya ya dubi bakin kara.

"Waccan motar da kuka zo da ita, ta waye?"

Kowa ya juya ya dubi Labaran.

"A'a. A'a, Alhaji. Motar nan ita ce mutuncina."

"To mutuncin naka zai kwana a nan. Ka kawo kuɗin sa, ka ɗauki abarka. Ka wuce sati biyu, na sa ta a kasuwa. Ko da yake yadda na ga tayoyin nan, sai ka ciko."

Makulli ya fito daga aljihun wando, yana fitowa ya jawo baƙaƙen katunan biyu suka faɗo cikin kashin shanu. Ba wanda ya sunkuya. Shi ma sai da ya duba hagu da dama kafin ya tsince su ya goge da hankici.

Gaban a-kori-kura mutum biyu yake ɗauka, Malam Tanimu da Gambo suka shige. Sauran suka hau acaɓa. Bijimi kuwa dole a samu mai riƙe masa igiya a baya.

Haka aka ratsa gari da Labaran, tsugune a bayan a-kori-kura, farar shadda da aiki har cibiya, hannu biyu a kan igiya. Kowane rami motar ta faɗa, bijimi ya jingina da shi. Daidai shataletale, inda cunkoso ya tsayar da su, bijimin ya ɗaga wutsiya ya yi abin da shanu ke yi in sun tsorata. Faca-faca. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Alhaji, barka da Sallah!"

Kafin su iso layi labari ya riga su. Matan gidaje suna leƙe ta katanga. Aka kayar da sa, aka yanka, Malam Tanimu ya shiga fiɗa. Bijimin kuwa ya yi nama, ba a taɓa watanda mai auki irin ta bana ba. Aka shimfiɗa buhuna, aka jera kashi-kashi, tsoka da ƙashi da kayan ciki da kitse. Aka fara kiran suna. Gwaggo Tabawa ta zo da roba, aka cika mata har da ɗoriyar kitse. Ta tsaya ta dubi Labaran da ke rakuɓe a jikin bango, ƙudaje sun yi masa rumfa.

"Sannu Labaran. An ce ka rasu. Ya haƙuri?"

Aka gama kira kaf, buhuna suka koma wayam, ba a kira shi ba. Wani ne da sai ya sulale gida. Labaran ya matso yana murza hannu.

"Baba Tanimu, nawa kason fa? Ai dai da motata aka sayi san nan."

"Motarka kuɗin mutane ta biya. Naka kason ka kawo?"

"Yana... yana cikin kati."

"To naman ma yana cikin kati."

Majalisa ta kwashe. Malam Tanimu bai yi dariya ba. Ya goge wuƙa, ya sunkuya bayan turmi, ya ɗauko wani abu a baƙar leda ya miƙa masa da hannu biyu, cikin girmamawa.

"Amma ba za ka tafi haka ba. Ka yi mana hidima, ga tukuici."

Labaran ya karɓa da sauri. Da nauyi kuwa. Ya buɗe. Ƙaho ne, guda ɗaya.

"Makinka ne na bana," in ji Malam Tanimu. "Ka adana da kyau. Baɗi in ka sake yi mana irin wannan, a cika maka na biyun. A hankali a hankali sai ka haɗa sa guda kyauta."

Gambo ya faɗo daga kan benci. Wani yana dariya yana riƙe ciki yana roƙon a bari, azuminsa zai karye. Labaran ya dunƙule ledar a hammata, ya juya zai bar wurin.

"Tsaya," in ji Malam Tanimu, ya miƙo tafin hannu. "Akwai caji. Hamsin, kuɗin leda."